Bindiga Mai Baki Biyu

Wata biyar na yi a Doha ban riƙe bindiga ba, ni da na shekara goma sha ɗaya ina cin abinci da ita. Kafin wani ya zabura, bari in yi bayani. Mu masu fentin mota a Fanteka ta Kaduna, abin da muke fesa fenti da shi bindiga muke ce masa. Tana da baki, tana da kunama, da yatsa ɗaya ake jan ta. Ba wanda yake da lokacin cewa “bindigar fenti” a gareji, sai dai ka ji ana miƙo bindiga, wanke bindiga, wa ya taɓa mini bindiga. Da wannan bakin na tashi, da shi kuma na zo ƙasar mutane.

Ejan ɗin da ya yi mini hanya har rantsuwa ya yi cewa mai fenti ake nema. Sai da na iso Sana'iyya, unguwar garejoji da rumbunan kaya da ɗakunan ma'aikata, aka miƙo mini katin zama, wani ya karanta mini abin da ke jiki: lebura. Washegari Foman, wani gajere mai tumbi da ba ya buɗe baki sai da “yalla”, wato a yi sauri, ya haɗa ni da bokiti da samfefa. Ni Nasiru, da ake turo wa mota tun daga Zariya. Na goge ƙarfe har zanen yatsuna ya shafe, wayata ta daina gane ni.

Gida kuwa ban faɗa ba. In an gama fentin wata babbar jif, sai in tsaya gefenta in ɗauki hoto in tura wa Hadiza matata, ita kuma ta bi dangi tana nunawa. Kunya ce ta sa, ba zan yi musu ba. Ranar da ta turo muryar 'yarmu tana cewa Abba ya yi wa motar Larabawa kwalliya, banɗaki na shiga na yi kukana, na wanke fuska na koma kan samfefa.

Mu shida ne a ɗaki, amma masu jin Hausa mu biyu ne, ni da Baba Ishaya. Mutumin Kafanchan ne, tsohon soja da ya ajiye kaki ya zo ya sa wani kakin, yana gadin wani rumbun kaya shekara tara ke nan. Gadonmu mai hawa biyu ne, shi a ƙasa ni a sama. Ranar da na iso ya miƙo mini bargo, na yi dariya na ce wa zai rufa da bargo a wannan ƙasa da kwalta ke narkewa. Ya ajiye mini a gefen ƙafa. Kafin gari ya waye sanyin esi ya sa na naɗe a ciki har kai. Shi ya nuna mini shagon da ake samun kuɓewa busasshiya, shi ya koya mini cin kubus, burodin Larabawa, da wake ba tare da na zagi kowa ba. In ya dawo daga aiki da asuba, sai ya bubbuga ƙarfen gado ya ce, “Nasiru, tashi, naku sun kira salla.” Aibinsa ɗaya, komai sai ya mayar da shi fareti. Ko shayi za a dafa sai an bi doka.

A wata na shida mai gareji ya ce aiki ya ragu, leburori sun yi yawa, ƙarshen wata za a sallami wasu su koma gida. Aka manna takarda a bango, sunana na ciki. A makon kuma wani mai fenti ya tafi ƙasarsu bai dawo ba. Zuciya ta ɗebe ni, na tare Foman a gaban kowa da guntun Turancina da guntun Larabcina, na ce ni ba lebura ba ne, a gwada ni. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya nuna wata ƙofar mota da aka jingine. Ya ce ranar Lahadi in fesa ta. In ta yi, na zauna a matsayin mai fenti. In ba ta yi ba, khalas, wato shi ke nan, sai jirgi.

Matsalar ita ce kowane mai fenti a garejin da bindigarsa, kuma a kulle take a akwati. Babbansu, wani tsoho ɗan Pakistan mai jan gemu da muke kira Ustaz, ko kallon tasa ka cika yi sai ya juya mata baya. Ta garejin kuwa tari take yi, tana tofar da fenti gudaji-gudaji, na wanke ta sau uku ba ta canja hali ba. Sabuwa ta fi ƙarfina. Sai na tuna da gurup ɗinmu na Hausawan Doha a waya, inda ake cigiyar ɗaki da tallar kilishi. Na danna na yi magana da muryata: “Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman bindiga ta hannu, mai lafiya, da gaggawa. Kafin Lahadi nake so.”

Gurup ɗin da ba ya minti biyu ba a yi magana ba ya yi tsit. Mutum biyu suka fice. Can sai mai gurup ya goge saƙon. Na ce ka ji halin mutanenmu, da tallar turare na yi da yanzu an cika ni da amsa.

Ranar Laraba da yamma ina zaune a ɗaki, Baba Ishaya yana goge takalmin aikinsa, sai ga kira daga lambar da ban sani ba. Mai kiran ya ce sunansa Alhassan, ɗan Kumasi, direba ne a gidan wasu masu gona can bayan Wukair. Hausarsa irin ta Zango ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Ya ce ya ji saƙona kafin a goge, kuma akwai guda ɗaya a hannunsa. Na buɗe murya don in ji da kyau, na shiga yi masa tambayoyin da kowane mai sana'a zai yi.

“Ƙirar ina ce?”

“Italiya. An rubuta a jikin shi.”

Raina ya yi fari, don duk mai fenti ya san ƙirar Italiya. Na ce, “Tana feshi da kyau?”

Ya ce, “Massa, wannan in ka ja sau ɗaya, ko'ina ya samu.”

“Bakinta fa?”

“Baki biyu.”

Na kusa faɗowa daga gado don murna. Baki biyu, wato ƙarami na fenti da babba na shafen farko, ga shi kuɗin da ya faɗa ko rabin na sabuwa bai kai ba. Na tambayi kunama, ya ce ta ɗan yi tsatsa amma mai kaɗan zai gyara. Ya ce in same shi a gona bayan isha'i, ni kaɗai, don ba ya son idon mutane. Na ɗauka kayan aikin maigidansa ne yake sayarwa ta bayan fage, na ce ba komai.

Da na kashe waya na ga buroshi ya tsaya a hannun Baba Ishaya. Ya tambaye ni a hankali me zan yi da ita.

“Aiki mana, Baba. Ranar Lahadi zan nuna wa Foman ɗin nan ko ni wane ne. Wata biyar yana raina ni. Sau ɗaya zan ja, zai gane.”

“Ka taɓa riƙewa?”

“Ni? Tun ina ɗan shekara goma sha bakwai. Ka tambaya a Kaduna, an san hannuna.”

Baba ya ajiye takalmi. Ya shiga yi mini nasiha kan haƙuri, ya ce in tuna da Hadiza, in tuna da yarinya. Na ce ai saboda su zan yi, in ban yi ba gida za a mayar da ni hannu wofi, gara in yi in san na yi. Ya daɗe yana kallona kamar yau ya fara ganina. Ni kuwa na ɗauka tsufa ne.

Daga nan ya miƙe ya tsaya a bakin ƙofa, ya fara fareti. Ba zan je gonar kowa ba. Ba zan je bayan rana ta faɗi ba. Ba zan je ni kaɗai ba, da shi za a je. Mu za mu zaɓi wuri, kuma inda mutane suka fi yawa, inda akwai kyamara. Kuɗin a aljihunsa za su zauna. Ba shiga motar mutum, ko da zafin rana zai kashe mu. Ba taɓa kaya sai mai kaya ya buɗe da hannunsa, kuma in zai buɗe ba a tsayawa ta inda baki yake kallo. Na ce haba Baba, sai ka ce za mu sayi jirgin yaƙi. Ya ce ko in bi dokarsa ko in bi ta kansa in fita. Na san ƙarfin hannunsa tun ranar da ya ɗaga firij shi kaɗai, don haka na kira Alhassan na ce wuri ya canja: Asian Town, wurin ajiye motoci, Juma'a bayan la'asar. Ya yi ta ƙorafi, ƙarshe ya yarda. Da na gaya wa Baba ya yarda, sai na ga ransa bai so ba, abin ya ɗaure mini kai.

Duk wanda ya san Asian Town ranar Juma'a ya san ba masaka tsinke. Ma'aikatan Sana'iyya kaf sun yi wanka sun fito, 'yan Nepal da 'yan Bangladesh da 'yan Uganda, wasu na layin silima, wasu na layin tura kuɗi gida, ƙamshin biryani ya cika wuri. Baba ya dawo daga coci tun da safe, don a nan Juma'a ce ranar hutu, bai cire rigarsa mai guga ba. Da awa guda muka riga lokaci. Ya zagaya filin sau biyu, ya zaɓi gindin wani turken fitila mai kyamara, ya sa muka juya wa bango baya. Ina ta tsaki, shi ko a jikinsa.

Alhassan ya iso a wata tsohuwar jif fara. Siririn mutum ne mai wushirya, da fara'arsa kamar mun shekara da sanin juna. Kafin ya gama fakin Baba ya ɗauki hoton lambar motar. Alhassan ya leƙo ya ce mu shigo mu zagaya baya inda ba jama'a. Wallahi har na kama murfin ƙofa, sai na ji an riƙe mini bel ta baya.

“Ba ma shiga,” in ji Baba. “Buɗe but.”

Alhassan ya waiga hagu da dama, ya fito ya buɗe. Wani dogon abu ne naɗe a tsohuwar darduma. Na ce a raina tsawon ya yi yawa, amma wataƙila har da tiyon iska ya haɗo mini, mutumin kirki. Na miƙa hannu. Baba ya buge mini shi kamar na yaron da ya kai hannu kwanon baƙi, ya jawo ni gefe, ya ce wa Alhassan ya buɗe da kansa.

Ya ɗaga gefen darduma. Katako na fara gani, mai sheƙi, sannan dogayen ƙarafa biyu a manne da juna. Baki biyu, kamar yadda ya faɗa. Ga rubutun Italiya a jiki, bai yi ƙarya ba. Irin ta mafarauta ce, wadda ake harbin tsuntsu da ita. Na ji gwiwoyina sun zama ruwa.

“Wannan mene ne?” na ce.

“Bindiga mana.”

“To ina kofin fentin?”

Baba Ishaya ya juyo a hankali ya dube ni. “Fenti?”

“Fenti mana, Baba. Ƙofar mota zan fesa ranar Lahadi.”

Mu uku muka tsaya muna kallon juna. A ƙasar nan, baƙo irina da aka kama da wannan abu ba shi da wani bayani, gidan yari ne, in ya fito a sa shi a jirgi. Ga kyamara a saman kaina. Da Baba bai buge hannun nan ba, da an ɗauke ni ina rungume da ita ina duba kunama. Daidai lokacin kuma wata motar 'yan sanda ta shigo filin tana tafiya a hankali, yadda suke yi duk Juma'a.

“Rufe,” in ji Baba, ko ɗaga murya bai yi ba. “Ku yi murmushi. Gaisawa muke yi.”

Alhassan ya rufe but. Na kama hannunsa ina tambayarsa mutanen gida, ina gajiya, yaya zafi, na sake komawa kan mutanen gida. Tafin hannunsa ya jiƙe sharaf, nawa ma haka. Motar ta wuce ta gabanmu ta fita ta ɗaya ƙofar.

Sai a lokacin Alhassan ya fara bayani. Uwar gidansu ce ta sa shi ya kwashe tarkacen wani tsohon sito ya zubar, ya tsinci abin a bayan buhuna, da alama na marigayi kakan gidan ne. Ya ce a garinsu mafarauta suna saye, shi ya ga kamar tsintuwa ce. Baba ya tambaye shi ko akwai harsashi a ciki. Ya ce bai sani ba, bai iya buɗewa ba. Na tuna cewa da farko daidai saitin bakin na tsaya, sai na nemi gefen turke na jingina.

Baba bai zage shi ba. Ya ce ya tuƙa kai tsaye zuwa gida, kada ya tsaya ko shan ruwa, kada ya ƙara taɓa ta. Ya sami maigidansa ya ce ga abin da ya gani a sito, shi mai gida ya san inda zai kai ta. Ya nuna masa hoton lambar motar ya ce yana jiran kiransa kafin magariba. Alhassan kuwa ya kira, ya ce maigidan har godiya ya yi masa.

Muka shiga wani shagon shayi, Baba ya ce a ba mu karak biyu, shayin madara mai kauri. Ya kai kofi baki ke nan sai dariya ta ƙwace masa, shayi ya zube a rigar cocin. Ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ranar. Yana share hawaye yana maimaita maganata, wai sau ɗaya zan ja, wai an san hannuna a Kaduna. Nan ya gaya mini kwana biyu bai runtsa ba, ya gama yarda Foman zan harbe. Ya zaɓi Asian Town ne don yana fatan mai kayan zai ji tsoro ya ƙi zuwa. In kuma ya zo, ya shirya kowace irin bindiga aka kawo zai duba ya ce ta lalace. Na ce to da na nace fa? Ya ce da ya karya mini hannu, ai hannu yana warkewa. Na ce me ya hana ka tambaye ni kai tsaye? Ya ce shi da ya yi shekara ashirin da biyu a soja, wa zai zo ya koya masa ma'anar bindiga.

Dariya dai an yi, amma na kwana da sanin cewa jibi Lahadi ce kuma hannuna wofi. Ranar Asabar a gareji na kasa riƙe labarin, na ba da shi da hannu da ƙafa da Larabcin da bai kai cikin cokali ba. Da na zo wurin baki biyu, na ɗaga yatsu biyu na yi kamar ina saita Foman, Ustaz ya zauna a kan gwangwanin tina, ruwan tsinka fenti, yana dariya har gemunsa na rawa. Da ya huce ya tashi ya ciro makulli daga wuyansa, ya buɗe akwatin da ba a taɓa buɗewa a gabana ba. Ya ɗora mini bindigarsa a tafin hannu, ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce wannan bakinta ɗaya ne, in yi haƙuri da ita.

Ranar Lahadi na tace fenti sau biyu, na gwada feshi a jikin kwali, na yi bisimilla. Da na ja kunama hannuna ya tuna komai. Shafe uku na yi, ban bar ɗigo ko ɗaya ya gangaro ba. Da ta bushe Foman ya zo ya durƙusa, ya karkata kai yana bin ƙofar da ido ta gefen haske, ya daɗe yana neman abin faɗa. Ya miƙe ya ce “zain”, wato ta yi. Ya je bango ya ciro biro ya soke sunana.

Da aka tashi na biya na sayi gasasshiyar kaza guda, na nufi ɗaki tun rana ba ta faɗi ba. Na tarar da Baba yana waya da matarsa, irin kiran da ake ganin juna. Na ɗaga masa kazar na ce na zauna. Ya gyaɗa kai kamar dama ya sani, ya miƙo mini wayar ya ce in gaida Mama Rifkatu. Na gaishe ta, ta amsa, sai ta matso da fuskarta.

“Kai ne Nasirun? Ɗana, me ya faru ranar Juma'a? Ya ƙi gaya mini.”

Na ce ba komai Mama, ɗan ciniki ne muka je.

“Ciniki? Da safe ya kira ni ya ce yaron ɗakinsu ya shiga wani hali, zai raka shi wani wuri, in ban ji shi ba zuwa dare in nemi ƙaninsa. Ya gaya mini inda takardun gida suke. Mutumin nan sau nawa aka tura shi daji yana soja, bai taɓa gaya mini inda takardun nan suke ba.”

Na ɗago na dubi Baba. Shekara tara yana tsaye a ƙofar rumbun mutane, yara uku a makaranta, ya kwashi duka ya bi ni Asian Town, yana ganin mai shirin kisa yake rakawa. Idona ya cika.

Ya karɓe wayar ya ce mata caji ya kusa ƙarewa. Ya jawo kazar gabansa, ya yage cinya ya miƙo mini, ya ce in wanke hannu tukuna, warin tina nake yi.